Sai Injin Ya Huce: Tunawa da Bitrus Bakanike

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Bitrus bakanike. Masu irin wannan rubutu sukan ce lokaci ya sanyaya musu zuciya. Ni dai bai sanyaya mini komai ba.

Mun zo Maiduguri daga kudancin Borno a shekarun saba'in. Ina koyarwa a firamare, shi kuma yana da wurinsa a gindin wata dalbejiya bayan Kasuwar Kwastam. Da aikin fulogi aka san shi. Zai kwance shi, ya duba launin bakinsa, ya goge, sannan ya zura siririn ƙarfen awo da suke kira fila geji tsakanin ƙugiyar fulogin da tsinkensa. In tazarar ta yi faɗi ya ƙwanƙwasa ta matse, in ta matse ya ɗan buɗa. Da gindin bishiyar nan muke ciyar da 'ya'ya biyar, don albashina ko tsakiyar wata ba ya kai mu.

Sai idonsa ya fara tafiya. A asibiti aka ce jijiya ce, ba gyara. Kunnensa lafiya, hannunsa lafiya, amma ba ya bambance launin fulogi, ba ya ganin lambar da ke jikin ƙarafan awo. Duk ranar da aka ce bakanike ba ya gani, ranar ya tashi daga aiki. Tsoron da muke kwana da shi muke tashi da shi ke nan.

Muka ɓoye. Duk wanda ya kawo mota da safe, Bitrus zai ce masa, "Sai injin ya huce, ba a kwance fulogi da zafi." Gaskiya ce kuwa, sai dai nasa injin ba ya hucewa sai an tashi makaranta na kawo masa abinci. Zai jera fulogan kusa da kwano, ni kuma ina zuba miya ina gaya masa da yarenmu na Bura: wannan baƙi ne, wannan ya jiƙe da mai, wannan toka-toka. Na zaro ƙarfen da ya dace na sa masa a hannu. Direbobi suna tsokanarsa wai Malama ta shanye shi, ko fulogi ba ya taɓawa sai ta zo. Muna taya su dariya.

Asirin ya tonu ana gab da Babbar Sallah, a tsakiyar zafi. Alhaji Modu, dillalin dabbobi kuma babban mai kawo mana aiki, ya bar akori-kurarsa ta kwana a wurin. Da sassafe ya zo da sababbin fulogi a kwali, yaransa suna loda raguna.

"Malam Bitrus, yau ba zancen hucewa," in ji shi. "Motar nan a sanyi ta kwana."

Ina aji a lokacin. Bitrus ya lalubo ƙarfen awo da yatsa, bai san ƙarafa biyu ne baƙin mai ya manne su ba. Tazarar ta fita da faɗi sosai. Mota ta tashi lafiya, amma da ta ji nauyi a hanyar Damaturu ta dinga shaƙewa har ta mutu inda babu inuwa babu ruwa. Kafin a sami mai ja, raguna da dama sun mutu.

Washegari ina wurin Alhaji ya dawo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye fulogi ɗaya a kan benci ba tare da ƙara ba, ya ce, "Ɗauki, ka duba aikinka." Na ga hannun mijina yana shafa benci, yana wuce fulogin, yana dawowa, a gaban direbobi. Alhaji ya ce, "Allah ya ba ka lafiya," ya tafi. Kafin mako ya zagayo an ba wani bakanike gindin bishiyar.

Na sayar da keken ɗinkina, muka tura yara biyu ƙauye. Amma Bitrus bai yarda ya tashi daga aiki ba. Kullum zai sa rigar aikinsa, na riƙe shi zuwa bakin titi a Galtimari, ya zauna yana sauraron motoci. "Maman Ladi, waccan tazararta ta yi yawa," zai ce, ya ɗaga hannu. Haka ya yi ta ɗagawa har ya kwanta ciwon ajali. Ko ɗaya ba ta tsaya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba mai gyara tazara. A jona wa mota na'ura, a cire fulogi a jefar, a sa wani. Ina jin zai ce an mai da makanikai 'yan kanti. Wataƙila kuma ya tuna cewa da a wannan zamanin ne, da makaho ma ya riƙe aikinsa. Wannan tunanin ya fi ci mini rai.

Bara na je bayan Kwastam na tambayi masu shaguna ko sun san Bitrus. Ba wanda ya taɓa jin sunan. 'Ya'yanmu ba wanda ya gaji sifanar ubansa. Abin da ya rage nasa yana kunnena: Keke Napep ba ya wucewa yana tari ban san ciwonsa ba. Shekaranjiya na tsai da wani, na ce fuloginsa na neman gyara. Ya dube ni, ya ce, "Mama, in ba shiga za ki yi ba, matsa."