Motar da Tattali Ya Kashe

Ranar tun da sassafe hadari ya haɗo daga gabas, ya tsaya cak a kan gari, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Ko ganye ba ya motsi. Baba Direba ya fito daga ɗakinsa na bayan gida da bokiti da tsumma, ya yaye tampol ɗin da ke kan motar, ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya zo duba mara lafiya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙi a gidan nan. Shi ya ɗauko babban ɗan gidan daga asibiti yana jariri cikin zane, wanda yanzu kowa ke kira Manaja. Ko kaza bai taɓa takawa ba. Direbobin unguwa suna masa tsiya, suna ce masa Hawainiya, shi kuwa sai ya ce, "Wanda ya riga ni isa ya ajiye mini wuri."

Motoci huɗu suka tsufa a hannunsa, wannan ce ta biyar. Maigida ya saye ta sabuwa fil, shekara biyu kafin Allah ya yi masa rasuwa. A zamaninsa babu musu: duk wata shida Baba zai kai ta garejin Dogo bakanike, a juye baƙin mai, a canza filta, a duba birki, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Da Maigida ya kwanta dama, tafiya ta ƙare wa motar. Sai dai a kai Hajiya asibiti sau ɗaya a wata, tafiyar minti biyar, a dawo a rufe. Ragamar gida ta koma hannun Manaja. Da wata shida ya cika, Baba ya same shi a falo, ya rusuna, ya ce lokacin sabis ya yi.

Manaja ya fito da shi har gaban motar, ya nuna 'yar takardar da ke manne a gilashi. "Baba, nan an rubuta sai ta ci kilomita dubu biyar. Ko ɗari shida ba ta ci ba."

"Ban iya karatu ba, ranka ya daɗe, amma na iya mota. Mai tsufa yake yi ko yana zaune. Ka dafa miya ka rufe tukunya wata shida, sai ka ce ai ba a ci ba, ba ta lalace ba?"

"Mota ba miya ba ce."

"Wadda ba ta tafiya ma ko a yi mata ragi, kada ta wuce shekara. Dogo zai gaya maka."

Manaja ya yi 'yar dariya. "Ai dole Dogo ya gaya mini. Kai da shi kun saba da Abba, mutum mai miƙa hannu ba tambaya. Wannan cin ya ƙare."

Baba ya ja tampol ya rufe motar. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji kamar garwashi. Yaron da ya taɓa yi masa fitsari a kafaɗa, yau shi ke kiransa ɓarawo a fakaice!

Daga nan Manaja ya kafa tasa dokar. Kullum da safe a tayar da injin minti biyar a inda take, wai a ɗumama ta, a kashe, a rufe. Baba ya yi masa bayani har bakinsa ya bushe: injin da bai yi zafi sosai ba gumi yake yi daga ciki, ruwan ya sauka ya kwanta cikin mai. A bar shi ya hau babban titi da ita rabin awa ko sau ɗaya a mako, ta yi zafi ta ƙone ruwan.

"Ka ƙara mata kilomita ka rage mata daraja?" in ji Manaja. Duk ƙarshen wata sai ya leƙa ya ɗauki hoton agogon kilomita da wayarsa.

Sau ɗaya Baba ya cire daga albashinsa ya sayo galan ɗin mai, da niyyar ya juye da kansa. Manaja ya gan shi da shi, ya ce wa ya sa shi, ya karɓe makullin ya jefa a durowarsa. Baba ya kai kuka wurin Hajiya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Yanzu shi ne uban gida."

Haka aka yi shekara uku.

To, a safiyar nan ta hadari, yana cikin goge gilashi Manaja ya fito yana gyara wuyan riga. Ya ce zai sayar da motar, mai saye na tafe. "In ta tambaye ka, ka ce lafiyarta ƙalau. Kai ne mai furfura, kai za ta fi yarda da shi."

Baba ya san abin da ke kan faifai: in ya ƙi, korarsa za a yi. Ɗakin nan na bayan gida shi ne duk abin da shekara talatin da ɗaya ta tara masa.

Can da hantsi matar ta iso a bayan mai babur. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, tafiyar awa biyu a hanya mai ramuka. Ta ce ta gaji da tsayuwa a bakin titi alhali mace na can tana naƙuda. Manaja ya zagaya da ita, ya nuna mata kujeru da ledarsu, ya nuna mata agogo. "Dubi, ko dubu tara ba ta kai ba. Sabuwa ce, sai dai suna."

Matar ta juyo ta dubi tsohon. "Baba, kai ne mai tuƙa ta. Tsakaninka da Allah, in da 'yarka ce ni, za ka ce in saya?"

Baba ya ajiye tsumman. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin da ake zuba mai, ya kifa shi a tafin hannunsa. Wani abu ne manne a ciki, fari-fari mai yauƙi, kamar an dama madara da laka.

"Wannan ne man, 'yata. Shekararsa uku da rabi." Ya matsa bel ɗin injin da babban yatsa, duk ya tsattsage. Ya nuna mata man birki, ya yi baƙi kamar shayin jiya. Ya tsuguna ya bi gefen taya da farce. "Zanen yana nan kamar sabo, amma dubi yadda ta daddare. In kika hau titi da zafin rana, Allah kaɗai ya san inda za ta fashe."

"Baba!" Manaja ya daka masa tsawa.

Tsohon ya miƙe. Muryarsa da ba a taɓa ji ta wuce ƙofar falo ba ta cika tsakar gida. "Kada ka ce mini Baba! Shekara uku ina gaya maka, ka mai da ni mahaukaci, ka mai da ni ɓarawo. Ka kashe motar ubanka a zaune, kana ɗaukar hotonta. Yanzu kuma furfurata kake so ka ara, ka sayar wa baiwar Allah gawa ta ɗauki masu ciki? Ban yi wa ubanka ƙarya ba, ba zan yi dominka ba!"

A daidai nan ruwan ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Ungozomar ta ɗora jakarta a ka, ta ce, "Allah ya saka maka, Baba," ta fice.

"Ka kwashe kayanka kafin la'asar," in ji Manaja.

Labulen ɗakin Hajiya ya motsa, amma ba ta fito ba. Baba ya mayar da murfin man, ya ɗaure shi da kyau, ya rufe bonet, ya ja tampol ya lulluɓe motar don kada ruwa ya dake ta. Sannan ya je ya naɗe tabarmarsa. Akwati ɗaya ne da rediyo. Dogo ya zo da a-kori-kura ya ɗauke shi.

Bayan wata huɗu Manaja ya hau babban titi da motar da kansa, zai nuna wa wani mai saye. Ba su yi kilomita goma ba injin ya buga. Da igiya aka jawo ta gida.

Baba Direba yana gidan 'yarsa yanzu, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa. Da safe yakan tafi garejin Dogo ya zauna a benci, masu son sayen mota suna kawo masa ya duba musu. Motar kuwa tana nan a tsakar gidan, ƙarƙashin tampol, tayoyinta huɗu a kwance.