Shekarar da Dela Ta Soye Irin Gyaɗarta

Kun taɓa ganin mutum ya soya ƙuli-ƙuli mai zafi, ƙamshi ya cika unguwa, amma ko mutum ɗaya bai leƙo ba? To haka aka yi wa Dela a Kanya Babba, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira.

Dela dai mai ƙuli ce da man gyaɗa. Mijinta Haladu ya tafi Ikko aikin lebura lokacin da kowa ke cewa kuɗi sun zubo a can, shiru shiru, ba shi ba saƙonsa. Ita da 'yarta Hafsatu kawai a gidan. Ita ke suya, Hafsatu ke ɗaukar talla, abin da aka samo shi za a ci, shi ke nan rayuwar.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari, mutane ma ba sa kiran sunanta, baƙon dauro suke cewa. Ta kama Hafsatu. Jiki zafi kamar kasko, tari, ido ya yi ja ya manne. To kun ga mai tallar ce ta kwanta, ciniki ya tsaya ke nan. Iyaye kuma suka hana yaransu shiga gidan, alhali yaran ne ake aike su sayo. Gidan da kullum ake sallama ya koma sai tarin yarinya kawai kake ji.

Tsohuwa Ya Kaka, maƙwabciyarta, ita ma ta katanga take magana saboda jikokinta.

"Ke Dela, kina nan kina ta jiƙa mata tsamiya? Idon nan fa zai tafi. Kai ta asibitin Kazaure."

"Da me, Iya? Mai mota gaisuwa yake karɓa?"

"Ni dai na faɗa miki, mai taurin kai."

Abu ɗaya ya rage mata, irin gyaɗar shuka da ta liƙe a tulu da laka. Fari ya cinye na bara, wanda ya rasa iri a shekarar nan ba mai ba shi. Ta daɗe tana kallon tulun wallahi. Sai ta fasa bakin, ta soye, ta matse mai, ta yi ƙuli, ta ja wa yarinyar ƙofa ta ɗauki faranti da kanta ta fita, matar da ba ta taɓa talla ba.

Sai a gaishe ta daga nesa. "Sannu Dela, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya." A wuce. Wata ma cewa ta yi, "A gidan baƙon kika soya? A'a, mun gode."

Har la'asar ba ta sayar da ko ɗaya ba. Sama'ilu dillali ne ya tsaya, ya taya da kuɗin da bai kai rabi ba.

"Haba Malam Sama'ilu, ka ji tsoron Allah."

"Babura zan kai inda ba a san gidanki ba, ni ma kasada nake. In kin ƙi, ki sha manki."

Ta karɓa. Kuɗin mota, allura, maganin ido, ɗan kokon da suka sha a asibiti, kaf suka ƙare, dawowa ma goya ta ta yi wani wajen.

Hafsatu ta tashi, idonta biyu lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma da ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, Dela tana zaune a ƙofar ɗaki tana jin su suna wucewa. Gonarta ciyawa ta cinye. Ba gyaɗa ba jari, ba ta sake ɗora kaskon suya ba, surfe da daka ta koma yi wa mutane har ta tsufa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, ko mutum ɗaya ne, a san an yi Dela.