Kwanon Mutum Ɗaya na Hajiya Hasiya

Hajiya Hasiya tana hawa na huɗu, ni ina na uku, a wani tsohon gini da ke kan Grand Concourse a Bronx. Shekara ashirin da biyu ke nan duk abin da ta ɗora a wuta hancina ne yake fara sani, kuma ba zan ɓoye ba, sau da yawa ƙafata takan bi hancin.

Daga Zariya ta zo, ta biyo mijinta Malam Shitu, direban tasi. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, amma ba da wannan aka san ta ba, da tukunya aka san ta. In an yi haihuwa a Parkchester ita ake kira. In an ɗaura aure a Mount Hope ita ce a kan dafa-duka, kuma shinkafarta wara-wara take fita, ƙwaya ba ta riƙe 'yar'uwarta. Aibinta ɗaya ne, hannunta bai san kaɗan ba. Tukunyar da take kira 'yar ƙarama mutum takwas take ƙosarwa, har a rage na maƙwabta.

Malam Shitu ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Mu'awiya, ɗansu na biyu, ya yi aure ya tare a Houston. Aka bar Hasiya da 'yarta ta fari, Na'ima, wadda ta karanci harkar magunguna. Hasiya tana cikin matan nan da suka ɗauko kunyar ɗan fari tun daga gida, suka tsallako teku da ita ko jiƙewa ba ta yi ba. Ban taɓa jin ta kama sunan Na'ima ba. "Ke," ko "yarinyar nan," shi ke nan. Ba ta yabonta, ba ta jan ta a jiki a gaban mutane. In kika ce Na'ima ta yi ƙoƙari, sai ta kau da kai ta tambaye ki ko kin ci abinci. Duk abin da bakinta ya ƙi faɗa wa 'yar, a faranti take tula mata shi.

Bara da bazara Na'ima ta tafi Minneapolis na mako guda, ganawar neman aiki a wani babban asibiti. Duk makon Hasiya ba ta kunna murhu ba. Wa za ta dafa wa? A wurinta, mace ta tsaya girki don cikinta kaɗai rowa ce, kusan abin kunya. Shayi da burodi, shayi da burodi, har ranar Alhamis jiri ya kwashe ta a matakalar tashar jirgin ƙasa, wani ɗan Nijar mai sayar da huluna ya rako ta gida. Ni da ke ƙarƙashinta na lura ƙamshi ya ɗauke, amma sai na ce azumin nafila take yi, na ma yi mata addu'ar Allah ya karɓa. Har yau ina jin kunyar wannan.

Bayan ta dawo, asibitin suka ɗauki Na'ima, suka ce ta ba su amsa kafin Juma'a. Na'ima ta ce ba inda za ta.

Hasiya ta sauko wurina da mayafi a karkace. "Maman Dikko, kin ji abin da yarinyar nan take shirin yi? Shekara takwas tana karatu, a ba ta abin da take nema, ta ce wai za ta zauna gadina. Ni jaririya ce?"

Muka hau tare. Na'ima ta gaishe ni, ta juya ga uwarta. "Mama, abu ɗaya nake so. Ki dafa abincin mutum ɗaya, ki zauna ki cinye ke kaɗai. One plate, shi ke nan. In na gani kafin Juma'a zan tafi. In ban gani ba, ina nan."

Yarinyar tana da wayo. Ta san in ta ce tuwo ko dafa-duka, hannun uwar zai ninka shi kafin ta ankara. Sai ta zaɓo abin da Hasiya ba ta taɓa dafawa ba, wanda kuma take zaton babu maƙwabciyar da za ta yi kwaɗayinsa: sushi, abincin nan na Japanawa na shinkafa da kifi, amma irin wanda ake gasawa a obin, tunda ta san uwarta ba za ta kai ɗanyen kifi bakinta ba ko da an ɗaure ta. Ta sayo ɗan kwanon gashi wanda bai fi tafin hannu ba, ta rubuta yadda ake yi ta manna a jikin firij.

Ranar Talata Hasiya ta tashi aiki da wuri, ta tsaya gaban takardar. Rabin kofi na gajeriyar shinkafa. Daga baya ta ce mini da ta auna ta zuba a tukunya sai da ta waiga ko wani yana kallonta, don ko tantabarun layinmu za su raina wannan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an ce a bar shinkafar ta kama jikinta. Shekara talatin tana gudun caɓewar shinkafa, yau ga shi a rubuce an ce ta caɓe ta da gangan. Ta daure. Ta zuba ruwan khal da ɗan sukari da gishiri, ta juya, ta danna a kwanon. A nan ne ta gane kan abin, ta ce ashe tuwon shinkafa ne da bai ji muciya ba. Ta marmasa dafaffen kifin salmon da mayonis, ta ƙara yajinta na tafarnuwa wanda babu shi a takardar, ta shimfiɗa a kai, ta tura obin minti goma sha biyu har saman ya yi ja.

Ƙamshin ya sauko hawa na uku. Na ce bari in je in duba lafiyarta, ai hakkin maƙwabtaka ne. A bakin ƙofa na tarar da Salamatou, 'yar Maraɗi da ke ɗakin da ke kallon nata, ita ma hakkin maƙwabtaka ya fito da ita.

"Hajiya, mi kika dahwa haka?" in ji Salamatou.

Hasiya ta dubi ɗan kwanon, ta dube mu. Wace Bahaushiya ce za ta kai loma baki mutum biyu suna tsaye a kanta? "Bismillah," ta ce. Muka ce alhamdulillahi, mun ƙoshi. Ta sake cewa bismillah, kuma mu ba mu da tarbiyyar ƙin abu sau biyu. Ta nuna mana yadda ake ɗiba a ɗora yankan fiya a naɗe cikin busasshen ganyen teku, baƙi, falle-falle kamar takarda. Loma ɗaya ta samu, ita ma ta gefen da ya ƙone.

Na'ima ta dawo ta ga cokali uku a wurin wanke-wanke. Ta sauko ta ƙwanƙwasa mini. "Anti, haba. Har da ke?"

Ranar Laraba Hasiya ta bi doka sau da ƙafa. Rabin kofi, kwano ɗaya, mutum ɗaya. Sai dai sau tara ta gasa, don labari ya zaga ginin, kuma duk wadda ta ƙwanƙwasa mutum ɗaya ce. Ita kanta shayi ta sha.

Saura Alhamis. Na'ima ta ɗauki hutu, ta kafa mini kujera a bayan ƙofa ta ce ni ce mai gadi, kowa ya zo in ce Hajiya ba ta ganin baƙi. Ni da na ci amana shekaranjiya yau ni ce amintacciya. Na kori mutum huɗu, har da Salamatou, wadda ta ce ba ta taɓa sanin haka nake ba.

Daga inda nake ina hango teburin kicin. Bayan la'asar Hasiya ta fito da kwanon daga obin, ta ajiye, ta zauna. Na'ima tana tsaye jikin firij ta harɗe hannu. Hasiya ta ɗan tura kwanon wajenta.

"Ke, zo ki ji gishirin."

"A'a, Mama. Naki ne."

Hasiya ta jawo shi. Ta yi bismillah a hankali, ta naɗe loma ta farko. A nan ne na fahimci abin da ban fahimta ba duk makon. Matar nan ba ta da bakin da za ta ce wa 'yarta ta fari kada ki tafi, ina son ki kusa da ni. Ko ni ba za ta faɗa wa ba. Amma ga hanya an ajiye mata a gabanta, ba sai ta ce uffan ba. In ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi, yarinya za ta zauna, kuma babu wanda zai ce ita ta riƙe ta.

Ta ci a hankali, ba ta ɗaga kai ba. Da ya rage kamar loma biyu ta ajiye cokalin, ta daɗe tana kallon tagar. Sai ta ɗauka ta cinye, ta bi gefen kwanon da yatsa, ta juya shi ta nuna wa Na'ima cikinsa.

"To, ga shi. Sai ki je ki rubuta musu."

Na'ima ta yi tsalle ta rungume ta ta baya, tana dariya tana share ido. Hasiya ta ce ta sake ta, za ta karya mata wuya, kuma ga Maman Dikko tana kallo. Yarinya ta shige ɗaki wurin kwamfutarta.

Na taso na same ta tana wanke kwanon. Ta daɗe tana cuɗa shi, abin da bai fi a ɗauraye ba. Ba ta juyo ba, ta yi ƙasa da murya.

"Maman Dikko, da na rage loma biyun nan fa?"

Na ce, "Da ta zauna, Hajiya."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa na suɗe."