Gado, Ɗan Telan Sawaba

Gado direban bas ne a Doha, yana kai ma'aikata unguwar West Bay da safe, ya kwaso su da yamma. A Fagge aka haife shi, Kano ya sani, amma ubansa, Malam Bawa tela, mutumin Tasawa ne a ƙasar Nijar.

Zamanin Faransa jam'iyyu biyu suka raba gidan su Malam Bawa. Wansa ya bi RDA mai alamar giwa, shi kuwa ya bi Sawaba, har yana ɗinka musu tutoci masu hoton raƙumi. Da aka yi ƙuri'ar zama da Faransa ko rabuwa da ita, Sawaba ta ce a rabu, ta sha kaye. Aka fara kame. Malam Bawa ya ɗora keken ɗinkinsa a jaki ya tsallako iyaka, bai sake komawa ba har ya rasu. Iyakar abin da Gado ya sani ke nan.

Shekarar korona aka tsayar da motoci. Gado ya wuni a ɗakinsu na unguwar Fereej Abdel Aziz tare da Ɗalhatu, wani mai gadi da shi ma aikinsa ya tsaya. Hira ta yi hira, Gado ya ambaci Tasawa.

"Garinmu ke nan," in ji Ɗalhatu. "Wane gida?"

Gado ya faɗa.

"Ai ƙanwar babanka na nan da rai. Zalihatu, mai ƙosai a bakin tasha."

Ɗalhatu ya samo masa lamba. Gado ya adana, bai kira ba, don bai san da me zai fara ba. Sai lokacin gasar ƙwallon duniya, wata rana da ya sauke 'yan kallo yana zaune shi kaɗai a bas, ya buga.

Tsohuwar ta saurare shi har ya gama gabatar da kansa.

"Ɗan Bawa ne? Ya bar Sawaba kafin ya rasu?"

"Bai bari ba, Gwaggo."

"Na sani. Taurin kai gare shi tun yana yaro." Sannan ta tambayi yawan 'ya'yansa da sunayensu, ta ce a gaishe su.

Yanzu duk Juma'a yakan kira ta. Ba ta ƙara tayar da zancen jam'iyya ba. Ya ce zai je Tasawa in ya sami hutu. Hutun ya zo, ya tafi Kano, kwanakin suka ƙare a can.