Ƙofofin Anacostia

Mun tashi da asuba daga Manassas, garin da nake zaune, ni da Baba, duk da tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. A wurinsa, wanda rana ta riga fita ba matafiyi ba ne. Wata uku ke nan da zuwansa daga Kaduna don aikin ido. An yi wa na dama, saura na hagu, amma ya kafe sai na matso masa da ranar tikitinsa na komawa gida. Hujjarsa ita ce, ba ya zama a garin da za ka gai da maƙwabci ya ɗaga maka yatsu biyu ya shige gareji. Ina tsoron ya koma da ido ɗaya, shi ya sa na nemi inda zan kai shi ya sha iska.

Babbar hanya mai lamba 66 fayau take ranar Asabar. Muka ƙetare kogi muka shiga Anacostia, tsohuwar unguwar baƙar fata. Mun yi sammakon banza, sai da muka jira hantsi a mota.

A wani fili ne aka yi bikin nunin ƙofofin da na kawo shi gani. Masu zanen unguwar sun tsinto ƙofofin gidajen da aka rushe don gina benaye, suka yi musu fenti, suka kafa su a tsaye, ba bango ba rufi. Kowace da maɓalli, in ka danna sai ka ji muryar mai gidan tana ba da labarinsa. Can gefe wasu magidanta na dukan ganguna da bokitai, kiɗan da suke kira go-go. Na saya mana fukafukan kaza da wata jar miya, dala goma sha biyu. Baba ya ɗanɗana ya tambaya wa ya zuba sukari a miya.

Mutane na ta ratsa ƙofofin suna ɗaukar hoto. Da muka zo wata shuɗiya, Baba ya ja ya tsaya. Na ce ya wuce, ai ba gida ba ne.

"Ke, ƙofa ce ko ba ƙofa ba?" Ya ƙwanƙwasa. "Salamu alaikum, masu gida!"

Kunya ta kama ni, don layi ya fara taruwa a bayanmu. Sai wata tsohuwa da ke zaune kan kujerar roba ta miƙe da sandarta, ta zagayo ta buɗe masa. Ashe ƙofarta ce. Ta ce in gaya masa tun da aka kafa ta, shi ne na farko da ya ƙwanƙwasa.

Ta sa aka kawo masa kujera. Ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa ta bayan ƙofar, kamar gidan na nan, inda murhunta yake a da da inda mijinta ke ajiye garaya irin tasu. Na yi tafinta har maƙogwarona ya bushe, daga baya suka daina jirana.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo layinmu. Ni dai abin da na koya shi ne, shekara tara ina ƙorafin ba a san ni a ƙasar nan ba, ban taɓa buga ƙofar kowa ba. Ina kashe mota Baba ya ce, "Bar tikitin nan tukuna. Tsohuwar nan ta ce za ta zo gaishe ni bayan aikin idon, kuma ba a barin baƙo ya tarar da gida ba kowa."