Yatsu Takwas a Ƙirjin Direba

A gidan katakon da nake tuƙa motar ɗaga kaya, Ɗan Agaji kowa yake kiransa, har matarsa in ta kawo masa abinci. Yatsunsa takwas ne. Biyun zarto ya cinye su tun yana saurayi. Ya ce yana kallo suka faɗa cikin garin katako, jini na tsartuwa har kan rigar na kusa da shi, ga ƙarti goma tsaye a kansa amma ba wanda ya san yadda ake ɗaure rauni. Wani ma ƙasa ya ɗebo zai zuba masa. Da aka sallame shi daga asibiti bai zame ko'ina ba sai ƙungiyar agaji, kuma shekara ashirin da biyu ke nan yana yankan katako, ranar hutu yana koyon ceton rai.

Mutum ne mai naci kamar ciwon haƙori. Shi ya addabi mai wurin har ya sayo na'urar farfaɗo da zuciya, wani ɗan akwati ruwan ɗorawa, aka rataye a ƙofar ofis. Kullum da safe sai ya goge mata ƙura da hularsa, ya duba ko koriyar fitilarta na ci. Mu kuwa muka raɗa mata suna tada-matattu.

Talabijin ta rumfar hutu ce ta koya mana sunan. Duk lokacin cin abinci akwai wani wasan asibiti da muke kallo, kuma kusan kullum sai wani ya mutu a ciki. Layin da ke allo ya miƙe, likita ya goga ƙarafa biyu a juna, ya daka tsawa a matsa, ya kafta wa gawa wuta. Gawar ta yi tsalle, ta buɗe ido, ta tambayi ina 'ya'yanta. Ɗan Agaji yakan ajiye cokali ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Wai na'urar sai ta saurari zuciya tukuna. In zuciyar na karkarwa a rikice, wutar za ta daidaita ta. In kuwa ta tsaya cik, ko wuni za ka yi kana danna maɓalli ba za ta saki wuta ba, sai dai hannu ya yi ta tura jini zuwa kai har motar asibiti ta iso. Ni ne na taɓa tambayarsa ko ya fi likitan talabijin sani, shi da ko yatsunsa ba su cika ba. Rumfa ta kwashe da dariya, shi ma ya murmusa. Har yau maganar tana cina.

Wata Laraba da tsakar rana wani direban babbar mota ya zo ɗaukar kaya tare da ƙannensa biyu, manyan mutane masu iyali, su ke masa lodi. Yana cikin ɗaure igiya sai ya dafe ƙirji ya zube kamar buhu. Kafin mu gama salati Ɗan Agaji ya iso da akwatin, ya sa a kira asibiti, ya keta rigar mutumin da almakashi, ya manna masa faifan roba biyu masu waya. Na'urar ta yi magana da 'yar siririyar murya wadda ihun jama'a ya danne. Shi da ke durƙushe ya ji: ba wuta, a fara danna ƙirji.

Ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjin ya fara danna da dukkan nauyinsa, yana ƙirga. A dannawa ta goma sha wani abu, haƙarƙari ya ce ƙas, kowa ya ji. Babban ƙanin ya cafke masa wuyan riga.

"Kashe shi za ka yi? Ga maɓalli can, danna masa wuta."

"Ɗan'uwa, ta ƙi," in ji Ɗan Agaji, bai ɗago ba. "Hannun nan kaɗai ke riƙe da yayanku. Ka bar ni."

Mari ya fara ba shi, wanda ya fasa masa leɓe. Jini na ɗiga a kan cikin direban, shi kuwa bai fasa ƙirga ba. Ƙaramin ya ɗauko guntun katako ya shirga masa a gadon baya, sau biyu. Ɗan Agaji ya yi nishi, ya ci gaba. Wayoyi sun kai ashirin a sama ana ɗauka, kuma jama'a suka ɗauki baki ɗaya, a danna maɓalli, a danna maɓalli. Ba zan ɓoye ba, da muryata a ciki. Na san halinsa, na san bai taɓa yi mini ƙarya ba, amma na ga abin a talabijin ya fi sau ɗari.

Da suka ga duka ba ya ɗaga shi, sai babban ya karɓi katakon ya auna hannayen. Ƙarar da na ji ba irin ta haƙarƙari ba ce. Wuyan hannunsa na dama ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Suka ja shi a ƙasa da ƙafa, suka jefar gefen zarto, ƙaramin na ƙara masa da takalmi a ciki. Daga can kwance yake roƙon wani ya durƙusa ya karɓe shi, ko wane ne, shi zai riƙa ƙirga masa. Ya kira ni. Na kawar da kai.

Babban ya fizge faifan daga ƙirjin yayansa ya goga su a juna kamar likitan wasa. Suka manne da juna saboda gam. Ya ɓamɓare su da ƙyar, duk sun kwashi garin katako, ya maida, ya daka tsawa a matsa, ya danna maɓalli. Shiru. Ya yi ta dannawa yana kuka, daga ƙarshe ya ɗaga akwatin ya maka da bango. Minti tara direban ya yi ba wanda ya danna ƙirjinsa.

Ma'aikaciyar motar asibiti ta gwada iya ƙoƙarinta, sannan ta rufe masa fuska. Ta tambayi wanda ya hana a ci gaba da danna ƙirjin, kowa ya dubi ƙasa. Da yamma bidiyon ya karaɗe wayoyi da rubutu a ƙasa, wai ga ma'aikacin da ya hana mutum wuta har ya mutu. Matar Ɗan Agaji ta yi wata guda ba ta iya zuwa kasuwa.

Ƙannen an kama su, Ɗan Agaji ya ce shi ya yafe, ai yayansu suke so. Ni ban yafe musu ba, ban kuma yafe wa kaina ba. Hannun ya warke a karkace, ba ya iya riƙe zarto, sai aka maida shi gadin ƙofa. Ya sake addabar mai wurin har aka sayo wata na'urar.

Ranar da aka rataye ta, lokacin cin abinci, ya kashe talabijin ya jawo buhun garin katako tsakiyar rumfa. Ya nuna ni da hannun da ya lalace, ya ce in durƙusa. Ya gyara mini gwiwar hannu, ya ce in danna, in fi haka ƙarfi.

"Naka yatsun goma ne cif," ya ce. "In ta ƙi ba da wuta za su dake ka. Kada ka ɗaga hannu."

Na fara ƙirga.