Jif Daidai Gwiwar Inna

Unguwarmu Arras, ƙarfe biyar da rabi

Ranar Talata muna sallame asuba na fito da Inna. Ku da ke gida kun san mahaifiyata da zumunci, to shekara guda cur ba ta je suna ko gaisuwar rasuwa ba. Laifin tsohuwar motata ne. Kujerarta a ƙasa take kamar tabarma, Inna kuma in ta zauna gwiwa ba ta ɗaga ta sai an kama hannu biyu an ja. Ran da aka ja ta a ƙofar wani gidan suna zaninta ya kwance a gaban jama'a, ta ce ta gama fita. Na sayar da akwalar. Ƙannena 'yan boko, da ko taya ba su taɓa saya mini ba, suka dame ni da hotunan motoci a waya da dogon Faransanci. Ni da na tsaya a aji huɗu na ce mai gwiwar ita za ta zaɓa.

Da ƙyar ta yarda ta biyo ni, shi ma don da duhu ne. Taksi ya kai mu tashar jirgin ruwa ta Treichville a minti goma, na jawo ta daga ciki babu mai kallo.

Kan ruwa, ƙarfe shida da kwata

Sefa ɗari biyu kowane mutum. Jirgin cike da ma'aikatan ofis masu ƙamshin turare, wata ta tashi ta ba Inna wuri. Da iska ta buge ta sai ta hau dariya kamar yarinya.

"Sale, ashe garin yana nan!"

"Yana nan, Inna. Ke ce kika yi yaji."

"Ubanka ne ya yi yaji."

Raina ya yi fari. Rabon da ta zage ni da ƙarfi haka har na manta.

Plateau zuwa Adjamé, ƙarfe bakwai saura

Bakari dillali, Bajule a ƙabila, mai guntuwar Hausa, yana jiranmu a bakin tasha da wata ƙatuwar jif baƙa, irin wadda ƙannena suke so. A nan katkat ake ce mata.

"Alaji, wannan ta manya ce. In ka shiga unguwa kowa zai miƙe."

Inna ta dubi matakalar, ta dubi Bakari. "Ɗan nan, raƙumi na ce a kawo mini?"

Sai da aka aro akwatin lemo a wurin mai shago ta taka, ni ina tokare da bayanta. Wannan motar ta faɗi jarrabawa ke nan. Tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba ta ci mana minti hamsin, tsakanin gbaka, ƙananan bas-bas ɗin nan marasa kunya, da masu tura amalanken atamfa da goro.

Adjamé, ƙarfe takwas zuwa azahar

Mun fara da garba, wato acake, wani irin dambun rogo, da soyayyen kifi, na ɗari biyar-biyar, a wurin wani mutumin Maraɗi. Inna ta ce barkonon ya yi kaɗan, ta cinye tas.

A filin Bakari motoci sun fi talatin. Na sa aka jero ƙananan jif guda huɗu, aka buɗe ƙofofi, aka ajiye wa Inna kujerar roba a inuwa kamar alƙali. Ta farko fara ce, tana da allo da kyamara a baya, Bakari yana ta danne-danne.

"Mama, tana magana fa!"

"Ina da masu magana a gida."

Ta gwada, ƙofar ta yi ƙunci, ƙafa ta ƙi juyawa. Jar kuma rufinta ya zame ta baya, ya ture mata ɗankwali. Ta uku kujerar ta nutse da ita, na miƙa hannu, ta buge shi, sai da ta yi nishi uku ta fito. Zuwa lokacin masu wankin mota da mai sayar da ruwa sun taru suna kallo. Na ce a raina shi ke nan, za ta ce a mayar da ita ɗaki, ba za ta sake fitowa ba.

Ta huɗu mummuna ce, ba zan ɓoye muku ba, launin ƙasa, gabanta kamar akwatin lefe. Inna ta juya mata baya, ta zauna kamar a bakin gado, ta ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ta shigar. Sannan ta juyo, ta dire su ƙasa, ta miƙe tsaye. Babu wanda ya taɓa ta.

Filin ya kaure da tafi. Ni, mai shekara hamsin da biyu, na tsinci kaina ina tsalle da hula a hannu.

Bakari ya ce, "Alaji, wannan ba ta dace da kai ba."

Na ce, "Ni ma ban dace da kowa ba. Kawo takardu."

Bakanikena ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya saurari inji, ya ce a canja birki kawai. Muka yi ciniki, muka yi azahar.

Komawa, ƙarfe uku

Ta gada muka biyo. A bakinta ɗan sanda ya tsayar da mu, yana juya takardu. Inna ta sauke gilashi ta ce da Hausa, "Yaro, in sauko maka? Ina iyawa fa!" Bai ji ko kalma ba, amma ya yi dariya ya sake mu.

Huɗu da minti goma muka shiga Arras. Ban gama kashe mota ba ta ce in yi ham, in ƙara. Sai da matan layinmu suka fito sannan ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali, ta gyara mayafi. Da ta ga Hajiya Ladi maƙwabciyarmu ba ta iso da wuri ba, sai ta koma ciki ta sake saukowa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bakari duk da surutunsa. Ƙannena sun ce motar ba ta da kyau, su sayi tasu. Ina cire takalmi a ƙofar ɗaki Inna ta ƙwala mini kira daga tsakar gida.

"Sale, kada ka zauna. Gaisuwa goma sha ɗaya ke jirana, kuma rana ba ta faɗi ba."